Na'urar da ta ci zakaran duniya a dara: mi ke cikin lamarin ga ƴan kasuwa?

A ƴan shekarun nan babu maganar da ta cika gidajen rediyo da wayoyin salula kamar ta basirar na'ura, wato irin kwamfutocin nan da ake cewa suna tunani, suna amsa tambaya, suna rubuta wasiƙa, har ma su kwaikwayi muryar mutum. Wasu na cewa nan da ɗan lokaci za su karɓe aikin akawu da na dillali da na mai riƙe littafin kanti, wasu kuma na cewa duk zuzutawa ce kawai. Tunda maganar ta fara taɓa kuɗi da ciniki da bashi, ya kamata mai rumfa a babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram, da mai kasa albasa da tumatir a Katako ta Yamai, su san inda aka dosa. Hanya mafi sauƙi ta gane lamarin kuwa ita ce a koma inda ya faro, wato kan allon dara, domin a can ne anka fara gwada ƙwaƙwalwar mutum da ta na'ura a gaban shaidu, kuma sakamakon yana rubuce, babu mai musunsa.

Wace irin dara ce?

Darar da ake magana a kanta ba irin tamu ba ce ta gurbi 30 da ake tonawa a rairayi, kowa da ƴaƴa 12, ana neman jera uku a ci na abokin wasa. Wannan ita ce wadda ake kira eshek da Faransanci, Larabawa kuma na ce mata shaɗaranji. Asalinta daga Indiya ne, ta bi ta Farisa ta shiga ƙasashen Larabawa, daga nan ta tsallaka Turai. Allonta na da gida 64, kowane ɗan wasa na da ƴaƴa 16, cikinsu akwai sarki da sarauniya da dawaki da ƙananan sojoji, kuma kowanne da irin tafiyarsa. Wanda ya tsare sarkin abokin karawarsa har ya rasa wurin gudu shi ya ci.

Tun da daɗewa mutanen Turai sun ɗauki wannan wasa a matsayin ma'aunin kaifin hankali, shi ya sa burin ƙera na'urar da za ta iya shi ya daɗe a zukatansu. A shekarar 1770 wani mai suna Wolfgang von Kempelen ya kai wani akwati fadar sarauniyar Ostiriya, da mutum-mutumi zaune a bayansa sanye da rawani, ya ce na'ura ce mai buga dara da kanta. Akwatin ya yi ta cin mutane shekara da shekaru, har da Napoliyon na Faransa a 1809. Ashe wani gwanin dara ne ake ɓoyewa a ciki yana motsa hannun mutum-mutumin. Akwatin ya ƙone a wata gobara a Amurka a 1854. Ke nan labarin na'ura mai tunani da damfara ya soma, kuma za mu ga cewa har yau ba a rabu da wannan ba.

Aikin gaskiya ya fara ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Alan Turing, wani masanin lissafi ɗan Ingila, ya tsara ƙa'idojin da na'ura za ta bi ta buga eshek tun babu kwamfutar da za ta iya ɗaukarsu. A 1952 sai ya zauna da takarda da alƙalami ya mai da kansa na'urar, yana bin ƙa'idojin ɗaya bayan ɗaya, kowane taku na cin har kusan rabin awa, kuma abokin aikinsa ya cinye shi. A Amurka kuma Claude Shannon ya fitar da bayani a 1950 kan yadda za a koya wa kwamfuta wasan. Dalilinsu shi ne, in har an iya sa ƙarfe da waya su yi abin da kowa ya yarda sai mai hankali ke yin sa, to an kama hanyar gane yadda hankalin kansa ke aiki.

Yadda na'ura ke lissafinta

Tushen abin shi ne ilimin da malamai ke kira manɗiƙi, wato ilimin jera hujja: in kaza ya tabbata, to kaza zai biyo baya. Kowane ɗan kasuwa na yin irin wannan ko bai san sunansa ba. Wanda zai sayi wake da kaka ya ajiye yakan ce a ransa, in na saya yanzu, in ƙwari ba su shiga ba, in kuma farashi ya hau da bazara, zan ci riba kaza. In kuwa damina ta yi kyau a maƙwabta wake ya cika kasuwa, zan faɗi da kaza. Haka na'ura ke yi a dara: in na taka nan, zai iya taka can ko can, in ya taka can ni kuma sai in yi kaza. Jerin matakan da ake rubuta mata ta bi ana kiransa algoridim, kuma kalmar ta fito ne daga sunan Alkawarizmi, masanin lissafin da ya yi zamani a Bagadaza fiye da shekara 1,100 da sunka wuce.

Matsalar ita ce yawan rassa. Mai fara wasa na da zaɓi 20, abokinsa ma 20, ke nan bayan kowa ya taka sau ɗaya akwai hanya 400. Bayan taku biyu-biyu hanyoyin sun kai 197,281, bayan uku-uku sun wuce miliyan 119. Shannon ya ƙiyasta cewa adadin wasannin da za a iya bugawa ya kai 1 da sifiri 120 a bayansa, adadin da babu na'urar da za ta ƙirga shi ko da za ta yi ta aiki har duniya ta naɗe. Saboda haka dole anka nemo dabara biyu.

Ta farko ita ce yanke reshe. In na'ura ta soma duba wata hanya ta ga abokin wasa na da amsar da za ta jefa ta cikin halin da ya fi wanda ta riga ta samu muni, sai ta bar hanyar nan take. Kamar mai sayen shinkafa ce da ta buɗe bakin buhu ta ga tsakuwa da ƙura, ba ta buƙatar zazzage shi duka kafin ta wuce rumfar gaba. Ta biyu ita ce ƙima. Tunda ba za ta iya bin kowace hanya har ƙarshe ba, sai ta tsaya a wani wuri ta yi wa allon kuɗi: ƙaramin soja 1, doki 3, hasumiya 5, sarauniya 9, sannan a ƙara maki don tsaron sarki da faɗin wurin motsi. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To ita na'ura a wancan lokaci ba ta da wannan ido, mutane ne ke zama su rubuta mata ƙimar kowane abu. A riƙe wannan batu, domin za mu dawo gare shi in mun zo maganar bashi.

Abin da ya faru a Niyok a 1997

Masu binciken sun ɗauka aikin ba zai daɗe ba. A 1957 Herbert Simon, ɗaya daga cikin manyansu, ya ce cikin shekara 10 kwamfuta za ta zama zakaran duniya. Sai da anka yi shekara 40. Zakaran da anka fuskanta shi ne Garry Kasparov na Rasha, wanda ya riƙe kambin duniya tun 1985. A 1989 ya cinye wata na'ura mai suna Deep Thought wasa biyu ba ko ɗaya. A watan Fabrairun 1996 kamfanin IBM ya kawo masa Deep Blue a birnin Filadelfiya, ta ci shi a wasan farko, amma ya farfaɗo ya gama da ita 4 da 2.

Kamfanin ya koma ya ƙara mata ƙarfi, ya ɗauki gwanayen dara su gyara mata ƙima, ya zuba mata dubban ɗaruruwan wasannin da manyan ƴan wasa sunka taɓa bugawa. A watan Mayun 1997 anka sake haɗuwa a Niyok, lokacin tana iya duba yanayin allo miliyan 200 a daƙiƙa ɗaya. Kasparov ya ci wasan farko, ta ci na biyu, sunka yi kunnen doki a uku, sannan ranar 11 ga Mayu ta gama da shi cikin taku 19 kacal. Sakamako ya tashi 3 da rabi da 2 da rabi.

Kasparov ya yi zargin cewa akwai hannun mutum a wani taku na wasa na biyu, domin a ganinsa na'ura ba za ta yi irin wannan haƙuri ta ƙi cin abin da ke gabanta ba. Ya nemi a sake karawa, kamfanin ya ƙi, ya ajiye na'urar, yau sassanta na gidajen tarihi a Amurka. Bayan shekara 20 shi da kansa ya janye zargin. Wani abin lura kuma, ɗaya daga cikin waɗanda sunka ƙera ta ya bayyana daga baya cewa wani taku mai ban mamaki da ta yi a ƙarshen wasan farko kuskure ne a cikin tsarinta. Mutane sun yi ta neman hikimar da ke cikinsa alhali tuntuɓe ne.

Mi wannan nasara ta nuna? Ta nuna cewa ana iya kai wa ga sakamakon mai hankali ta hanyar da ba tasa ba. Kasparov na duba hanyoyi kaɗan ne amma ya san waɗanda sunka cancanci a duba, ita kuwa tana duba miliyoyi ba tare da ta san cewa wasa take yi ba. Deep Blue ba ta iya komi ba sai eshek. Da za a kawo mata darar gurbi da yaran unguwa ke yi, ba za ta iya taku ɗaya ba sai an sake gina ta.

Hujja ba tare da fahimta ba

Bayan 1997 tazarar ta yi ta buɗewa. A 2006 a birnin Bon na Jamus wani tsari mai suna Deep Fritz, da ke aiki a kan kwamfuta irin ta ofis, ya ci zakaran duniya na lokacin Vladimir Kramnik 4 da 2. Yau tsarin Stockfish, wanda kyauta ne kowa na iya saukewa a salularsa, ya fi ƙarfin duk wani ɗan Adam. Mafi girman makin da mutum ya taɓa kaiwa a ma'aunin ƴan wasan shi ne 2,882 na Magnus Carlsen ɗan Norwe a 2014, na'urorin kuwa ana ƙiyasta su sama da 3,500.

A wasu wasannin ma an kai ga ƙarshen lissafi gaba ɗaya. A 2002 masana biyu a wata jami'ar Amsterdam ta ƙasar Holan sun bi duk wani yanayi da zai iya faruwa a wani nau'in awale, wasan gurbi 12 da ake yi a Gana da Kodebuwa da Benin, yanayi sama da biliyan 889, sunka tabbatar cewa in kowa ya buga ba kuskure kunnen doki za a yi. A 2007 Jonathan Schaeffer na Kanada ya tabbatar da haka ga wasan dam mai gida 64, bayan shekara 18 yana aikin. A eshek kuwa, a 2012 wata babbar kwamfuta a Mosko ta gama lissafin duk yanayin da ƴaƴa 7 ko ƙasa da haka sunka rage a kan allo. A ciki an samu inda nasara tabbas ce amma sai an yi taku fiye da 500, kuma manyan gwanaye na kallon takun ba sa gane dalilin mafi yawansu.

Wannan babban abu ne ga ilimin manɗiƙi. A da, in an ce an tabbatar da abu, ana nufin malami zai iya jera hujjar ɗalibi ya bi ya gamsu. Yanzu ga amsa wadda babu shakka daidai ce, amma babu mutumin da zai iya bin hujjarta daga farko har ƙarshe. Sai dai a yarda da na'urar, ko a sa wata na'urar ta bincike ta.

Na'urar da ke koya wa kanta

Sauyi na biyu ya zo ne daga wani kamfani a Landan mai suna DeepMind, mallakar Google. Maimakon mutane su rubuta wa na'ura ƙima, sai anka bar ta ta gano da kanta ta hanyar gwaji, tana ƙarfafa abin da ya kai ta ga ci, tana rage abin da ya kai ta ga faɗuwa. A watan Maris na 2016 a birnin Seul na Koriya ta Kudu, tsarinsu AlphaGo ya ci Lee Sedol 4 da 1 a wasan go, wata darar Asiya mai mahaɗa 361 wadda rassanta sunka fi na eshek yawa nesa ba kusa ba.

A watan Disamban 2017 sunka fito da AlphaZero. Dokokin eshek kawai anka ba shi, ba a nuna masa wasan kowa ba. Ya yi ta bugawa da kansa, wasa miliyan 44 cikin awa 9, sannan anka haɗa shi da Stockfish na wancan lokaci wasa 100: ya ci 28, kunnen doki 72, bai faɗi ko ɗaya ba. Abin da ya fi jan hankali shi ne yana duba yanayi kusan 80,000 ne a daƙiƙa, abokin karawarsa na duba miliyan 70. Wato ya samu wani abu mai kama da idon nan da ya san ƙima. Amma kuɗin da anka biya shi ne, ƙimar tasa na warwatse cikin miliyoyin lambobi, ko waɗanda sunka gina shi ba za su iya buɗewa su nuna maka dalilin kowane taku ba.

Wannan hanya ba ta tsaya a wasa ba. Shugaban kamfanin, Demis Hassabis, wanda shi ma gwanin eshek ne tun yana yaro, ya samu kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2024 tare da abokin aikinsa John Jumper, saboda tsarin AlphaFold da ke hasashen siffar sinadaran gina jiki, abin da masu neman magunguna ke amfani da shi.

Su kuma na'urorin hira irin ChatGPT, da ya fito a watan Nuwamban 2022, wani gida ne daban. An horar da su ne da tarin rubuce-rubuce domin su iya hasashen kalmar da ta dace ta biyo baya, shi ya sa bakinsu ke da zaƙi. Amma an sha gwada su a dara ana ganin suna taka inda doka ta hana, ko su motsa ɗan da anka riga anka cinye, kuma su ba da bayani mai daɗin ji kan kuskuren. Darasin a nan a fili yake: iya magana daban, iya lissafi daban, kamar yadda kowa ya san dillalin da ya fi kowa baki ba lalle shi ya fi kowa gaskiya ba.

Kasuwa da allon dara

Abu uku ne sunka sa na'ura ta yi sarauta a dara. Dokoki ba sa canzawa, komi na bisa allo kowa na gani, kuma an san abin da ake kira ci. Duk aikin da ya haɗa waɗannan uku, a sa rai na'ura za ta fi mutum a cikinsa ko ba daɗe ko ba jima: haɗa lissafin kanti, ƙirga kayan sito, canjin sefa da naira, zaɓen hanyar da mota za ta bi. A irin waɗannan wurare gardama da ita ɓata lokaci ne, gara a koyi amfani da ita.

Amma kasuwa ta kan sauya doka ana tsakiyar wasa. A watan Janairun 1994 an wayi gari an rage darajar sefa da rabi, tamma ɗaya ta Faransa ta tashi daga dala 10 zuwa dala 20. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ta Illela da ta Maigatari ba sai Disamban 2020, ta Jibiya kuwa sai 2022. A 2023 iyakoki sun sake rufewa sakamakon takunkumin CEDEAO, kuma daga watan Yunin wannan shekara zuwa farkon 2024 naira ta faɗi daga wajen 460 a dalar Amurka ɗaya zuwa fiye da 1,500. Na'urar da ta koyi farashi daga shekarun baya ba ta da inda za ta ga irin wannan tun kafin ya zo, domin ba ya cikin abin da anka nuna mata. Wanda ke da ɗan uwa a Kwanni ko Ɗan Isa yana kiransa da asuba ya fi ta saurin jin ƙishin-ƙishin.

Ko a manyan kasuwannin hannun jari da na'urori ke saye da sayarwa an ga inda dara ta ci gida. Ranar 1 ga Agustan 2012 wani kamfanin Amurka mai suna Knight Capital ya yi asarar kimanin dalar Amurka miliyan 440 cikin minti 45, saboda kuskure a tsarin kwamfutarsa, wadda ta yi ta sayen abin da ba a sa ta ba cikin saurin da mutum ba zai iya tarewa ba. A wasan go ma, a 2023 wani ɗan wasa Ba'amurke da bai kai sahun ƙwararru ba ya ci ɗaya daga cikin manyan tsare-tsaren wasa 14 cikin 15, bayan masu bincike sun gano wata kafa da tsarin ba ya gani.

Kada kuma a ɗauka duk inda akwai ɓoye da yaudara na'ura ba ta shiga. A 2017 wani tsari mai suna Libratus ya ci ƙwararru huɗu a wasan karta na poka a Amurka, wasan da kowa ke ɓoye abin da ke hannunsa. Amma ko a nan dokokin tsayayyu ne, kuma kartar 52 ce ba ta ƙaruwa.

Mu tuna kuma cewa abin da ya fi amfanar ɗan kasuwar ƙasar nan a baya shi ne samun labari da wuri. Wata masaniyar tattalin arziki Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta yi bincike kan kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da salula ke shigowa, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 inda wayar ta isa. Wayar ba ta yanke wa kowa shawara ba, ta dai kawo masa farashin Tawa yana zaune a Tasawa, shi kuma ya yi lissafinsa.

Wa ya rubuta ƙimar?

Inda abin zai fi taɓa iyayenmu mata masu ƙaramin jari shi ne bashi. A Kenya tun 2012 akwai tsarin M-Shwari da ke ba da rance ta salula, inda na'ura ke duba yadda mutum ke amfani da wayarsa da asusunsa ta yanke nawa za a ba shi, ba tare da ya ga kowa ba. Irin wannan na yaɗuwa a ƙasashen Afirka. Yana da amfani, domin wadda banki ba zai saurare ta ba tana iya samun jari cikin minti kaɗan. Amma tambayar ita ce, wa ya ce doki 3 ne hasumiya 5? Wa ya yanke cewa yawan sayen kati ya fi shekara 20 da mace ta yi tana biyan bashin mai kawo mata kaya ba fashi? Abin da ba a rubuta ba, na'ura ba ta san da shi ba.

Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da sunka faro a jihar Maraɗi a 1991, suna aiki ne da irin sanin da ba ya cikin waya: wace ce mai cika alkawari, wace ce mijinta ke kwance, wace ce ta yi jinkiri don larura, wace ce kuma ta yi da gangan. In tsarin na'ura ya hana mace bashi, ba ta da wanda za ta zauna da shi ta yi bayani. Don haka ya kamata ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata su dage tun yanzu cewa duk kamfanin da zai kawo irin wannan tsari ya faɗi abin da yake aunawa, ya faɗi kuɗin ruwa a fili cikin harshen da mutane ke ji, kuma ya ajiye mutum mai rai da za a kai wa ƙara.

Sai kuma damfara. A 1770 mutum ne ke ɓuya cikin akwati a ce na'ura ce, yau na'ura ce ake sa wa fuska da muryar mutum. A farkon 2024 a Hong Kong wani ma'aikacin kamfani ya tura kimanin dalar Amurka miliyan 25 bayan wani taron bidiyo da ya ga manyansa suna ba shi umarni, ashe duk hotuna da muryoyin ƙirƙira ne. Mu da rabin cinikinmu ke tafiya ta saƙon murya a WhatsApp da aiken kuɗi ta waya, dole mu ɗauki ƙa'ida: in murya ta zo tana neman a tura kuɗi cikin gaggawa, ko da ta Alhajin da ka sani ce, katse ka kira lambar da ka saba kira, ko ka tambayi abin da ku biyu kaɗai kunka sani.

Abin da ya rage a hannunmu

Bayan 1997 an ɗauka wasan eshek ya mutu, sai ga shi bai mutu ba. Ƴan wasa sun mai da na'urar malamin horo, yara na koyo da ita a ƙasashen da a da babu gwanaye, har a watan Disamban 2024 wani matashi ɗan Indiya mai suna Gukesh ya zama zakaran duniya yana da shekara 18. An kuma samu masu sata, kamar wanda anka kama a wata gasa a Dubai a 2015 yana zuwa ban ɗaki yana duba wayar da ya ɓoye, shi ya sa yanzu ake binciken ƴan wasa kafin su shiga zaure. Kayan aiki ɗaya ne, wani ya ƙaru da shi, wani ya tozarta kansa.

Haka za ta kasance a kasuwa. A bar wa na'ura ƙirga da adana lissafi, a sa yaran da ke lakwal su koya, su kuma koya wa iyayensu. In ta ba da shawara kan saye ko sayarwa, a tambayi kai ko ta san abin da ya faru a iyaka jiya, in kuwa ta kawo adadi a sake bin sa da hannu kafin a saki kuɗi. Hukumomi kuma su tabbatar cewa ba a bar wa akwatin da babu mai iya tambayarsa hukuncin wa zai samu jari da wa zai rasa ba. Domin ranar da lissafi ya karkace, mai rumfa ne zai tsaya gaban mai bin sa bashi, kamfanin da ya ƙera na'urar yana can wata ƙasa.